Saiwar shukar tukunya: abin da ke ƙarfafa ta da abin da ke kashe ta a cikin ɗaki

Duk mai rainon shuka a tukunya a cikin ɗaki, idonsa a kan ganye yake. Ganye ya yi rawaya, sai ya ƙara taki. Ganye ya langaɓe, sai ya ƙara ruwa. Shuka ta tsaya cak ta daina toho, sai ya nemo wata kwalba mai hoton fararen saiwoyi a jikinta ya tsiyaya mata. Alhali abin da ganye ke nunawa yau, galibi ya kwana biyu da faruwa a ƙarƙashin ƙasa, inda ido ba ya kaiwa. A ganina, cikin abubuwan da ke gina saiwa, na cikin kwalba shi ne na ƙarshe. Masu yin aikin su ne iska a cikin ƙasar tukunya, da haske a kan ganye, da sanin lokacin da ya kamata mutum ya janye hannunsa daga ban ruwa.

Kafin a je ko'ina, yana da kyau a san me ake nufi da saiwa mai ƙarfi, domin mutane da yawa kauri suke dubawa. A shekarar 1937 wani masanin tsirrai a Amurka, Howard Dittmer, ya raini tsiron hatsin rai guda ɗaya a cikin akwatin katako. Bayan wata huɗu ya wanke ƙasar a hankali ya shiga ƙirge. Ya samu saiwoyi manya da ƙanana kusan miliyan 14, waɗanda in aka jera su baki da baki za su haura kilomita 600, sannan a jikinsu akwai siraran gashi kimanin biliyan 14. Tsiro ɗaya ke nan, a akwati ɗaya. Kusan duk wannan tsawon na siraran saiwoyi ne da ido ke iya wucewa bai lura da su ba, kuma su ne masu shan ruwa da abinci.

Kowace saiwa daga bakinta take girma. A can ƙarshenta akwai 'yar hula mai santsi da ke kare ta yayin da take kutsawa tsakanin ƙwayoyin ƙasa. A bayan hular ne ƙwayoyin halitta ke rabuwa suna yawaita, a bayansu kuma suke miƙewa su tura bakin gaba. Kaɗan daga nan sai wurin gashi, inda mafi yawan sha yake faruwa. Gashin ba ya daɗewa, kwanaki ne ko 'yan makonni ya mutu, wani sabo ya fito a gaba. Tsohuwar saiwa mai kauri da duhu tana riƙe shuka tana isar da ruwa sama, amma shan da take yi kaɗan ne. Saboda haka in an ce saiwa ta yi ƙarfi, ana nufin tana da fararen baki masu yawa da ke ci gaba da tafiya, kuma ranar da suka tsaya, shuka ta fara cin tsohon tanadi.

To, wannan tafiya tana cin ƙarfi. Saiwa ba ta da koren da zai haɗa mata abinci daga hasken rana, sukari ne ganye ke aiko mata, ita kuma ta ƙona shi da iskar oksijin ta samu kuzari, dare da rana. Oksijin ɗin daga 'yan kafofin da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa yake zuwa. Idan ruwa ya cika kafofin nan, hanya ta toshe, domin oksijin yana ratsa ruwa a hankali ƙwarai, kusan sau 10,000 ƙasa da saurin da yake ratsa iska. Ɗan abin da ya narke a cikin ruwan bai taka kara ya karya ba: kimanin miligiram 9 a lita ɗaya idan zafin ruwan digiri 20 ne a ma'aunin Salshiyas, ya sauko wajen 7.5 a digiri 30. Ga shi kuma zafi yana ƙara wa saiwa saurin numfashi. Wato a ɗaki mai ɗumi, tukunyar da ta jiƙe sharkaf tana ƙarar da iskarta da wuri fiye da ta ɗaki mai sanyi.

Da iska ta ƙare, saiwa takan koma wata hanyar samun kuzari mai ƙarancin amfani, wadda ke tara barasa da wasu abubuwa masu guba a cikinta. Fararen bakin nan su ne farkon mutuwa. Daga nan shuka ba ta iya shan ruwan da take zaune a cikinsa, ganye ya yi yaushi kamar na shukar da ƙishirwa ta kama. Nan ne abin yake ba ni tausayi, domin mai shukar yana ganin yaushin, cikin kulawa da son abinsa, sai ya ƙara mata ruwa. Garin neman ƙiba a samo rama. A irin wannan jiƙaƙƙiyar ƙasa ne kuma ƙwayar cutar nan Pythium ke samun yadda take so, domin 'ya'yanta iyo suke yi a cikin ruwa har su isa ga saiwar da ta raunana. Yawancin ruɓewar saiwa a tukunya daga rashin iska take farawa, cutar daga baya take shigowa.

Abin tambaya shi ne, me ya sa ƙasar tukunya ke riƙe ruwa haka alhali ga huda a gindi? Ka ɗauki soson wanka mai faɗi ka jiƙa shi sosai, ka kwantar da shi a tafin hannunka har ya daina ɗiga. Yanzu ka tsayar da shi a kan gefensa ba tare da ka matse ba. Za ka ga ruwa ya sake zubowa. In ka taɓa shi bayan ya tsaya, samansa ya yi sauƙi, gindinsa kuwa har yanzu cike yake. Haka ƙasar tukunya take. Ƙananan kafofi suna riƙe ruwa da ƙarfin da nauyin ruwan ba ya iya rinjaya sai ya kai wani tsayi, don haka bayan kowane ban ruwa akwai wani sashe a gindin tukunya da ke zama a cike taf, ko da hudoji goma ne a ƙasa. Kaurin wannan sashe ya dogara ne ga laushin ƙasar. Ƙasa mai laushi tana barin sashe mai kauri, mai gauraye da manyan ƙwayoyi tana barin siriri. Tsayin tukunya bai canza kaurinsa, abin da yake canzawa shi ne yawan ƙasar da ta rage a samansa. Shi ya sa doguwar tukunya ta fi gajeriya mai faɗi iska, ko da ƙasa iri ɗaya aka zuba musu.

Wannan ne ya rushe tsohuwar shawarar nan ta zuba tsakuwa a gindin tukunya don ruwa ya tsane. Ruwa ba ya son barin ƙasa mai laushi ya shiga manyan ramukan tsakuwa sai ƙasar ta cika ta batse. Sashen nan mai cike da ruwa bai ɓace ba, ɗagowa ya yi ya zauna a kan tsakuwar, kusa da saiwa, kuma wurin da saiwa za ta bi ya ragu. In ana tsoron ƙasa ta zube ta huda, ɗan yankin raga ko guntun fasasshiyar tukunya guda ɗaya ya isa. Manyan ƙwayoyi kuwa a cikin ƙasar gaba ɗaya ake cakuɗa su, daga sama har ƙasa.

Ƙasar lambu da ke ba da amfani mai kyau a fili takan zama matsala a tukunya saboda wannan dalili. A fili, ƙasar da ke can ƙasa tana janye ruwa, tsutsotsi da tsofaffin saiwoyi suna buɗe hanyoyi. A tukunya babu mai janyewa, kuma kowane ban ruwa yana ƙara danne ta. Masu gidajen rainon tsirrai sun daɗe da gane haka. A shekarun 1930 cibiyar John Innes da ke Ingila ta fitar da haɗin ƙasar tukunya mai ƙayyadadden awo, daga baya a shekarun 1950 da 1960 jami'o'in Kalifoniya da Cornell a Amurka suka fito da haɗe-haɗen da babu ƙasar gona a cikinsu ko kaɗan. Abin da ake nema a haɗi mai kyau shi ne, bayan an jiƙa shi ya tsane, kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari na cikin tukunyar ya zama iska.

Mutum na iya auna wannan da kansa. Ka cika tukunya da haɗinka yadda ka saba, ka toshe hudojin gindi da kyau, ka zuba ruwa sannu a hankali har ya yi ƙyalli a saman ƙasar. Ka bar shi ya ɗan jima, sannan ka buɗe hudojin a kan wani mazubi ka tari duk abin da ya fito, ba tare da ka karkata tukunyar ba. Ruwan da ya fito, iska ce ta maye gurbinsa. Idan tukunyar lita biyu ce, ruwan da ya fito kuma bai kai mililita 200 ba, haɗin ya yi nauyi ga yawancin shuke-shuken ɗaki.

Gyaransa shi ne ƙara abu mai manyan ƙwayoyi wanda ba ya saurin ruɓewa. Akwai falayit, farin dutsen aman wuta da ake gasawa har ya kumbura ya zama mara nauyi, akwai gutsuttsuran ɓawon itace, akwai yankakken ɓawon kwakwa, akwai tsakuwa ƙanana. Kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na haɗin yakan wadatar. Yashi mai laushi kuwa a guje shi, domin shiga yake yi ya cike kafofin da ake so a buɗe. Garin ɓawon kwakwa yana riƙe ruwa da iska daidai gwargwado, sai dai wani yakan zo da gishiri, don haka a wanke shi kafin amfani. Haɗin da aka yi da ruɓaɓɓen gansakuka yana da nasa hali: in ya bushe ƙayau yakan ƙi shan ruwa, ya janye daga bangon tukunya, ruwa ya bi gefe ya fita ta ƙasa alhali tsakiya a bushe take. Maganinsa a tsoma tukunyar a ruwa har ta sha daga ƙasa. Kuma kowane haɗi yana tsufa. Bayan shekara ɗaya ko biyu abubuwan da ke cikinsa sun ruɓe sun yi laushi, ƙasar ta zauna, iskarta ta ragu, ko da mai ita bai canza komai a ban ruwansa ba.

Ban ruwa kansa ba ya bin kalanda. Shuka ɗaya a tukunya ɗaya tana iya shanye ruwanta cikin kwana uku a lokacin zafi, ta yi kwana goma ba ta shanye ba a lokacin sanyi. Ma'aunin da na fi yarda da shi shi ne nauyi. Ka ɗaga tukunyar bayan ka ba ta ruwa ta tsane, hannunka ya san nauyin nan. Ka riƙa ɗaga ta kullum. Ranar da ta yi sauƙi a fili, kuma yatsa ya shiga ƙasar gaɓa ɗaya ko biyu bai ji laima ba, lokaci ya yi. In za a ba ta, a ba ta da gaske, a hankali, a zagaye duk saman ƙasar har ruwa ya fito ta gindi, sannan a zubar da wanda ya taru a faranti. Ruwan da ke sauka yana kora tsohuwar iska, sabuwa ta biyo bayansa yayin da ƙasar ke tsanewa. Yayyafin kullum kuwa sama kawai yake jiƙawa, saiwoyi su taru a nan, ƙasan tukunya ya zauna babu kowa.

Wasu sun ji cewa ƙishirwa tana sa saiwa ta bazu neman ruwa, sai su bar shuka har ta langaɓe kafin su ba ta. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, domin saiwa tana karkata zuwa inda laima take, kuma shukar da ruwa ya ɗan yi wa ƙaranci takan ƙara kason da take ba saiwa. Amma bushewar da ta kai ga yaushi tana kashe gashin saiwa, shuka ta ɓata kwanaki tana mayar da abin da ta rasa. Abin da ake so shi ne ƙasa ta tashi daga jiƙa zuwa ɗan danshi, sannan a sake.

Girman tukunya yana da fuska biyu, kuma dole a riƙe su duka. A 2012 Hendrik Poorter da abokan aikinsa sun tattara sakamakon gwaje-gwaje 65, suka ga cewa ninka girman tukunya sau biyu yana ƙara nauyin shuka da kimanin kashi 43 cikin ɗari a matsakaici. Ƙunci yana tauye shuka, wannan babu shakka. Sai dai irin waɗannan gwaje-gwaje galibi a wurare masu wadataccen haske ake yin su, a hannun masu lura da ruwa. A ɗaki mai ƙarancin haske, ƙaramar shuka a cikin babbar tukunya tana zaune ne a tsakiyar ƙasar da babu saiwar da za ta shanye ruwanta, sai ta yi kwanaki a jiƙe. Don haka a riƙa hawa mataki-mataki, sabuwar tukunya ta fi tsohuwa faɗi da santimita 3 zuwa 5, a sake ƙarawa idan saiwa ta kama duk ƙasar. Alamar lokacin ita ce ruwa ya riƙa ƙarewa da wuri fiye da da, saiwa ta leƙo ta huda, kuma in an juya tukunyar ƙasar ta fito a dunƙule ba ta warwatse ba.

Idan aka wuce lokacin, saiwar da ta isa bango mai santsi ba ta tsayawa, bin bangon take yi tana zagayawa, har ta naɗe kanta ta bar tsakiyar ƙasar kusan fayau. Tukwanen yadi da masu hudoji a jiki an yi su ne don wannan. Bakin saiwa yana isa gefe ya haɗu da busasshiyar iska, sai ya bushe ya tsaya, saiwar ta fitar da rassa daga baya, su ma su tafi su tsaya su yi rassa. A ƙarshe a samu cunkoson siraran saiwoyi a ko'ina cikin ƙasar. Kuɗin da ake biya shi ne saurin bushewa da yawan ban ruwa. Tukunyar yumɓu da ba a shafe ta ba ita ma tana fitar da laima ta jikinta, don haka tana yafe wa mai sakin hannu da ruwa fiye da ta roba.

Yanzu sai maganar da aka fi mantawa, wato haske. Duk milimita ɗaya da saiwa ta ƙara, da sukarin ganye aka gina shi. Shuka tana raba abin da ta samu gwargwadon inda take jin rashi: in ruwa ko abinci ne ya yi ƙaranci sai ta ƙara wa saiwa, in haske ne ya yi ƙaranci sai ta zuba abin da take da shi wajen tsawaita kara da faɗaɗa ganye, saiwa ta samu ragowa. Masanin nan ɗan ƙasar Holan, Brouwer, ya bayyana wannan daidaito tun a shekarun 1960. Cikin ɗaki kuwa, ko wanda idon mutum ke gani da haske tar, bai kai ko kusa da hasken waje ba, kuma taku biyu ko uku daga taga hasken ya faɗi ƙwarai. Lungu mai duhu yana cutar da saiwa ta hanya biyu a lokaci ɗaya. Abinci ba ya isowa, kuma ganye ba ya fitar da ruwa da yawa, sai tukunya ta daɗe a jiƙe. Sau da yawa shukar da ake cewa ruwa ya yi mata yawa, haske ne ya yi mata kaɗan. A matso da ita kusa da taga, ko a rataya mata fitilar shuka ta yi awa 12 zuwa 14 a kunne, a goge ƙurar ganye, a bar iska tana ɗan kaɗawa a ɗakin. Wannan kaɗai yakan yi wa saiwa abin da kwalba ba za ta yi ba.

Zafin ƙasar ma abin lura ne. Yawancin shuke-shuken ɗaki saiwarsu ta fi sakewa tsakanin digiri 18 zuwa 25. Tukunyar da ke kan sanyin daɓe ko a gaban na'urar sanyaya ɗaki takan rage sha, baƙar roba kuma da rana ke duka ta gilashin taga tana iya yin zafin da zai kashe saiwoyin ɓangaren da ke fuskantar rana. Ɗora ta a kan katako ko saka ta cikin wata tukunya mai farin launi ya isa.

Sai kwalabe. Mafi shahara ita ce maganar cewa fosfaros abincin saiwa ne, don haka ake sayar da taki mai lambar tsakiya babba (lambar fosfaros cikin lambobi ukun da ake rubutawa a jikin mazubin taki) da sunan mai sa saiwa. Gaskiya ne shukar da ta rasa fosfaros gaba ɗaya ba ta girma, sama da ƙasa. Gaskiya ne kuma a 1975 Malcolm Drew ya nuna da tsiron sha'ir cewa in aka ba wani ɗan sashe na saiwa fosfaros ko naitirojin alhali sauran na cikin rashi, rassa sukan yi cincirindo a wannan sashen. Amma wannan halin saiwa ne mai bin abinci inda yake a lokacin ƙaranci. Shukar da ta riga ta samu isasshe, ƙarin fosfaros ba ya ƙara mata saiwa, yana ma iya hana ta ɗaukar sinadarin ƙarfe da zinki. Taki daidaitacce, a tsarma shi, a ba da shi lokacin da shuka ke toho, shi ne abin da ake bukata.

Yawan taki yana da illar da ta fi ɓarnar kuɗi. Takin zamani gishiri ne, kuma ruwa yana tafiya ne daga inda gishiri ya yi kaɗan zuwa inda ya yi yawa. Idan ruwan da ke cikin ƙasar ya fi na cikin saiwa gishiri, sha ya yi wuya, bakin saiwa ya ƙone, gefen ganye ya bushe ya yi ruwan ƙasa. Farin ɓawon da ake gani a saman ƙasa ko a leɓen tukunya alama ce ta taruwar gishiri, daga taki ko daga ruwan kansa. Shi ya sa barin ɗan ruwa ya fita ta gindi a kowane ban ruwa yake da amfani, kuma lokaci-lokaci a wanke ƙasar da ruwa mai yawa. Ruwa mai yawan sinadarin farar ƙasa kuma yana rage tsamin haɗin sannu a hankali. Yawancin shuke-shuken tukunya sun fi son awon pH, wato ma'aunin tsami, tsakanin 5.5 da 6.5, in ya haura sosai sai sabon ganye ya fito rawaya da koren jijiyoyi, ko da akwai sinadarin ƙarfe a ƙasar.

Bitamin B1 da ake sakawa a magungunan dashe ya samo asali ne daga binciken shekarun 1930, inda aka ga saiwar da aka yanke aka raina ita kaɗai a kwalbar gwaji tana bukatarsa. Cikakkiyar shuka kuwa ganyenta ne ke haɗa shi ya aika ƙasa, gwaje-gwajen baya ba su nuna yana ƙara komai ba. Garin sa saiwa mai sinadarin IBA, wanda aka sani tun 1935, yana aiki da gaske, amma a kan yankakken reshe da ake so ya yi sabuwar saiwa. Shukar da ta riga ta kafu tana haɗa nata irin sinadarin a kan tohonta ta turo shi ƙasa, wanda ya sa yi wa shuka aski mai tsanani a ranar dashe ba taimako ba ne. Akwai kuma maikoraiza, fangas ɗin da ke zama da saiwar mafi yawan tsirran duniya yana kawo musu fosfaros suna ba shi sukari. A daji da gona aikinsa babba ne. A ƙaramar tukunya da ake ba taki a kai a kai amfaninsa yakan ragu, domin shukar da ta ƙoshi da fosfaros ba ta cika karɓarsa ba.

Idan ana shakka, a duba. Juya tukunya a zare shuka a hankali ba ya cutar da ita, kuma minti ɗaya na kallon saiwa ya fi mako guda na hasashe a kan ganye. Lafiyayyar saiwa tana da tauri, bakinta fari ne ko ruwan madara, ƙasar tana ƙamshin ƙasa. Ruɓaɓɓiya ta yi duhu ta yi laushi, in ka kama ta da yatsu biyu ka ja, fatar ta saɓule ta bar siririn zare a tsakiya, wani lokaci da wari mai tsami ko irin na ruɓaɓɓen ƙwai. In ƙananan baƙaƙen ƙudaje suna tashi daga saman ƙasa, su ma shaida ne cewa saman ba ya bushewa, kuma tsutsarsu tana cin gashin saiwa, musamman na ƙananan tsirrai.

Shukar da ruɓa ta kama tana iya tsira muddin akwai sauran fari. A kakkaɓe jiƙaƙƙiyar ƙasar, a yanke duk abin da ya yi laushi da almakashi mai tsabta har a kai ga nama mai tauri, a wanke tukunya ko a ɗauko wata, kuma ta zama daidai da saiwar da ta rage, ko da ta fi ta da ƙanƙanta. A zuba sabon haɗi mai iska, a zaunar da shukar a zurfin da take a da, kada a binne mata wuya, kada kuma a danna ƙasar da ƙarfi, bubbuga tukunya a ƙasa sau biyu ya isa ta zauna. Wadda saiwarta ta naɗe kuwa, a warware zagayen da yatsa, in ya yi tauri a tsaga shi a wurare uku ko huɗu daga sama zuwa ƙasa, domin daga wurin yankan ne sababbin rassa za su fito su shiga sabuwar ƙasa.

Bayan dashe a ba ta ruwa sau ɗaya sosai, a ajiye ta inda haske yake da yawa amma rana ba ta dukanta kai tsaye, a ɗage taki na mako uku ko huɗu. A wannan lokacin sama ba zai nuna komai ba, wani tsohon ganye ma yana iya zubewa, kuma nan ne hannu ke ƙaiƙayin ƙara wani abu. A ci gaba da ɗaga tukunyar kawai. Idan ta fara yin sauƙi da wuri fiye da makon da ya wuce, saiwa ta koma sha. Sabon toho yakan biyo baya, kuma daga lokacin ne za a dawo da taki, rabin awon da aka rubuta a jikin mazubinsa.